Sarauniyar Kyau a Bayan Niƙabi

Assalamu alaikum Edita. Ina da shekara goma sha tara na ci gasar sarauniyar kyau ta jiharmu. A lokacin yarinya ce ni mai rawar kai, tun ina ƙarama ake zuga ni cewa Allah ya yi mini sura, har abin ya hau mini kai. Gasar wasu 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta, ana yin ta duk ƙarshen shekara a zauren wani otal a babban birnin jiha. Jiharmu haɗaka ce, Musulmi da Kirista, kuma duk waɗanda suka ci kafin ni ba Hausawa ba ne. Ta farko ta auri wani attajiri, ta biyu ta zama mai karanta labarai a talabijin, akwai wadda ta tafi Legas ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ni ce Bahaushiya Musulma ta farko da ta hau wannan dandamali, kuma ban gaya wa kowa a gida ba sai ganina suka yi a jarida da kambi a ka.

Daɗin bai kai mako ba. Aka kafa hotona a allon tallan sabulu a babban shataletalen gari, masu wa'azi suka sa ni gaba, mahaifiyata ta daina zuwa biki saboda habaici. Mahaifina bai doke ni ba, da ma dukan ya yi, shiru kawai ya yi mini. Da na miƙa kambin ga wadda ta gaje ni, kawuna ya samo mini gurbin karatun addini a Masar. Na karɓa hannu bibbiyu, kuma Allah ya gani ba son ilimi ne ya kai ni ba, gudu na yi.

Na sauka Alƙahira a ƙarshen 2011, tun a cikin jirgi na ɗaura niƙabi. Niƙabi sutura ce mai daraja, na san mata da yawa da suke sa shi don Allah. Ni dai don mutane na sa, kada wani ɗan ƙasarmu ya gane ni. Mafi yawan ɗalibanmu a unguwar Hay el-Sabi' suke, ni kuwa na nemi ɗaki a Hayyin Ashir tare da wasu 'yan Indonesiya biyu da ba abin da ya haɗa mu sai guntun Larabci. Duk da haka ban tsira ba. Wata rana a layin rajista ina amsa wayar mahaifiyata da Hausa, sai wata mata ta kama hannuna tana murna, wai ashe 'yar gida ce. Matar wani malami ce da ke digirinsa na uku, 'yar jiharmu, kowa Anti yake ce mata. Ta ce duk Juma'a bayan la'asar mata suna taruwa a gidanta, a tuƙa tuwo, a yi kitso da lalle, kuma ba ta karɓar uzuri. Na yi ta zille mata har kunya ta sa na je.

A nan na yi kuskuren da ya sa nake rubuto muku. Al'adar gidan ita ce maigidan ya fice masallaci, kowace mace ta shigo ta tuɓe niƙabi da hijabi ta rataye a bayan ƙofa, a baje a sha hira. Ni na zauna da nawa. Anti ta ce in sha iska mana, babu namiji a gidan, ko jaririn da ke kuka ma mace ce. Aka yi dariya. Ni kuwa na riga na hango wasu 'yan mata biyu 'yan garinmu, ɗaya har ta ambaci unguwarsu, dab da shataletalen nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce a bar ni, haka na saba. Da aka kawo tuwo miyar kuka, sai na riƙa ɗaga bakin niƙabin ina cusa loma ta ƙasa. Wata ta kasa haƙuri, ta tambaye ni ko mayu na ɗauke su, ko kuwa Musuluncinsu ne bai cika ba da za a ɓoye musu fuska. Maimakon in ba da haƙuri sai zuciya ta ɗebe ni, na ce kowa da irin tsantseninsa a addini. Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in tsinke harshena. Ni da na yi yawo a dandamali kai ba ɗankwali, ni ce nake yi wa matan malamai gorin tsantseni!

Daga ranar ba wadda ta sake gayyatata, kuma ban ga laifinsu ba. In mun haɗu a hanya sallama ce kawai, kowa ta wuce. Anti ce kaɗai ta biyo ni har Ashir, ta hau benenmu da kwanon tuwo, ta yi ta ƙwanƙwasa. Ina ciki na yi lamo har ta gaji ta ajiye kwanon ta tafi. Haka na zauna kusan shekara huɗu. Sai in yi wata ban yi Hausa da kowa ba in ba a waya ba, har na koma yi wa kaina magana in ina wanke-wanke. A motar haya in ji 'yan ƙasarmu suna raha a bayana, dariya ta zo mini in haɗiye. Ranar Salla in sayo wake da burodi in ci ni kaɗai, ina kallon mutane ta taga. Lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, abokan zamana suka koma ƙasarsu, na ji labari matanmu sun tattaru a gida ɗaya suna kwana tare. Ni ko wanda zai tambaya ina raye babu. Na yi kuka har na gaji, kaɗaici ciwo ne.

A shekarar ƙarshe zazzaɓi ya kama ni, na daure na shiga jarrabawa cikin zafin nan na Masar, na yanke jiki na faɗi. Na farfaɗo a asibiti fuskata a buɗe, Anti na yi mini fifita, domin duk 'yar Najeriya da ta shiga matsala ita ake kira. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce yalla, wato mu tafi, gidanta za mu. Matan nan suka yi ta zuwa dubiya, har da 'yan garinmu biyu. Ina kwance ina jiran wadda za ta nuna ni da yatsa. Sannu kawai suke yi mini su wuce kicin.

Da abin ya ishe ni, na faɗa wa Anti komai ina kuka. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta tambaye ni wace gasa. Sai da na yi bayani ta tuna, ta ce au, wadda ake yi a otal? Ta kira yarinyar nan ta kusa da shataletale. Yarinyar ta tuna mai karanta labarai, ta tuna an taɓa yin wata Bahaushiya da aka yi ta surutu a kanta, amma ko sunan ba ta riƙe ba balle kama, allon ma tuni aka sa tallan kamfanin waya. Anti ta ce ma'alish, ba komai, wannan tsakanina da Ubangijina ne, khalas, shi ke nan, da sun sani ma gulmar mako guda za a yi a wuce wurin. Abin da ya ƙona mata rai tuwon da na ci ta ƙarƙashin niƙabi ne. Ta ce ranar sai da ta yi hawaye, ta ɗauka ƙyamar gidanta nake yi.

'Yan makonnin da na yi a gidan su ne kaɗai zaman daɗin da na yi a Masar. Aka yi mini kitso, aka tsokane ni, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ban gama warwarewa ba maigidanta ya kammala karatu, suka tattara suka koma gida, taron Juma'a ya watse. Na koma ɗakina na Ashir na ƙarasa watannin da suka rage.

Ina kira ga 'yan mata, kada zugar kyau ta sa ku yi abin da za ku ɓoye wa iyayenku. Amma babban gargaɗina ga wadda ta riga ta yi kuskure ta tuba ne. Kada ki ɗauka duniya ta tsaya tana kallonki, kowa da abin da ya dame shi. Kada kuma ki fake da addini don ɓoye kunyarki har ki raina na wasu. Fuskar da na yi ta ɓoyewa tuni aka manta da ita, amma maganar da na yaɓa wa matan nan ba a manta ba, kuma da yawansu sun bar Masar kafin in roƙe su gafara. Wadda ta tambaye ni ko mayu na ɗauke su tana cikinsu, ban san inda take ba. In Allah ya sa ta karanta wannan, ta san kanta, don Allah ta yafe mini.