Yaya Ɗanjuma da tafkin da aka hana shi shiga

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Ɗanjuma. Na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, in kuma faɗi inda sanina ya tsaya.

Tun ba a fara zancen kawo babban birnin tarayya nan ba, yana koyarwa a firamaren wani ƙauyen Gbagyi kusa da Paikon Kore, ni kuma ina zaune wurinsa ina neman aiki. Ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar mazari, ƙwaron nan mai shawagi a bakin ruwa. Shi ya nuna mini iri biyu ne: babba, mai sauka da fukafukai a buɗe, da siriri kamar tsinke, mai haɗe nasa a baya. 'Ya'yansu a ruwa suke girma, sai su hau ciyawa, su fasa fata, su tashi. Wannan busasshiyar fatar yake tsinta da sassafe a tafkin ƙauyen, ya adana a kwalin ashana, ya zana a littafi.

Tafkin kuwa yana da doka. Ba mai sa ƙafa ciki sai ranar su, ranar da duk gari ke shiga kamun kifi tare. Yaya ya sani. Ya ce shi ba kifi yake nema ba, don haka dokar ba ta hau kansa ba.

Da ranar su ta zo, kifi ya yi ƙaranci. Aka ce an sha ganin malami cikin ruwa har ƙugu, ƙila magimfa yake zubawa, ganyen da ke bugar da kifi. Aka kira Yaya gaban mai gari, ya buɗe kwalayensa. Wani dattijo ya leƙa, ya ce, "Malam, ƙwaro ya mutu, kifi ya mutu. Kai kaɗai ke da lafiya."

Mai gari ya juyo gare ni. "Kai da kuke cin tuwo tare, ka taɓa ganin kifi a gidanku?"

Na gani. Sau biyu tarwaɗa ta shiga miyarmu, Yaya ya ce wani makiyayi ne ya ba shi. Makiyayi da kifi? Na ce, "Ranka ya daɗe, ban lura ba." Yaya ya dube ni, ya rufe kwalayensa. Aka hana shi tafkin, iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajinsa, kafin damina ya nemi canjin makaranta.

Bara na je wurin. An cike tafkin, ana buga bulo a kai. Da yana raye, ba na jin zai tsaya makoki. Zai tambayi masu bulon inda ruwan sama ke taruwa yanzu, ya nufi can.

Littattafansa suna hannuna. Na bi su shafi-shafi ina neman kalmar kifi, ban samu ba. Wannan bai wanke shi ba, domin mai satar kifi ba ya rubutawa. Bai kuma kama shi ba. Aikin rediyon da na samu daga baya ya koya mini kada in yanke hukunci kan labarin da ban tabbatar ba, amma bai koya mini yadda ake daina zargi ba.

Waɗanda suka yi masa shari'a duk sun rasu, jikokinsu ba su ma san an taɓa yin tafki a wurin ba. Ni kaɗai na rage mai zarginsa, ni kaɗai kuma ke ambaton sunansa a addu'a. Allah Ya jiƙan Yaya, ko ma daga ina tarwaɗar ta fito.