Tudun Sabi Gunu

A Sonuru, garin da titin Faraku zuwa Kandi ya tsaga gida biyu, an san Sabi Gunu da abu ɗaya: tudun doya. Shekara talatin da huɗu yana noma, kuma idan ya tara ƙasa da garmarsa sai ta kai masa cinya, kanta tsini, gefenta a tsaye.

Shi ya sa da wata ƙaramar mota ta take Yon, jikar tsohuwa Bona, ranar Talata uku ga watan Oktoba, dattawa suka ce a yi tudu a kan titi don motoci su rage gudu, kuma Sabi zai ja aikin. Manoma tara suka fito da garma. Ba wanda ya taɓa gina irinsa, sai hannu ya yi abin da ya saba. Suka jera tudun doya daga wannan baki zuwa wancan, suka haɗe, suka daddaɓe da marmara. Tsayinsa ya kusa kamu ɗaya, faɗinsa taki biyu kacal.

Motoci suka koyi ladabi. Kafin mako biyu mata masu wagashi, jan cukun nan, sun kwaso tirensu sun dawo gindin tudun, don nan ne fasinja ke miƙo hannu. Bake, matar Sabi, ita ta kama wuri mafi kusa da kwalta.

Wani direban tirela ne ya shuka masa tsoron. Ya leƙo ta taga ya tambaya wane tsoho ne ya shuka doya a titi, aka yi dariya. Sannan direban ya daina murmushi.

"Baba, yau wayam na zo. Ran da aka fara kwasar auduga, lodin ya fi rufin masallacinku tsayi. In na hau wannan abu a karkace, kan matan nan zan kwanta."

Saura mako biyar a buɗe kasuwar auduga. Sabi ya daina cinye sakwararsa. Ko a gona yake, in ya ji kukan birki sai ya waiwayi titi. Ya roƙi Bake ta ja baya, ta ce in ta tashi da safe, kafin azahar wata ta zauna.

"Kai ka gina, kai kake rawar jiki? To da ka noma mana gyaɗa, Maigida."

Ya ɗauki garma zai rage tsinin, ya tarar da Bona zaune a kan kujerarta a bakin titi, inda take wuni tun rasuwar yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sabi, kowace garma ka cire, a kan kabarin Yon ka cire ta."

Ya koma gida. Kwana biyu yana juya maganar, har ya gane cewa abin da ba a rage masa tsayi ana iya ƙara masa faɗi. Ya fara rushe tudun gonarsa, waɗanda ya tara don shukar baɗi, yana turo ƙasar a baro, yana shimfiɗa gangare mai tsawo. Gefen Kandi, inda lodi ke fitowa, ya ci masa tudu ɗari da goma. Gefen Faraku bai kai rabi ba.

Ranar tara ga Disamba, da hantsi, motar auduga ta farko ta iso, tamfol ya kumbura sama kamar rumbu. Ta hau lafiya. A sauka ƙafar hagu ta faɗa inda bai cike ba. Lodin ya sunkuyo, inuwarsa ta rufe Bake da tirenta. Sabi yana tsaye riƙe da baro. Igiya ɗaya ta tsinke, auduga ta zubo a kan matan, motar ta yi jim, sannan ta koma kan ƙafafunta.

Bake ta fito daga cikin audugar fara fat. Washegari ta ja tirenta baya taki shida, sauran suka bi ta.

Sabi ya ƙarasa gangaren da ragowar gonarsa, ya shafe shi da farar ƙasa. A shekarar da ta biyo baya bai samu doyar kirki ba. Har yanzu, duk ruwan da aka yi, shi ne farkon zuwa titi da garma a kafaɗa, ya gaishe da Bona, ya durƙusa yana duba inda ƙasa ta zaizaye.