Baba Usur Ya Tafi Bai Rubuta Sunana Ba

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Usur, tsohon malamin motsa jiki, bayan jinyar mako uku a asibiti. Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma.

Kafin in yi magana a kanka, Baba, bari in faɗi ko ni wane ne, don a san bakin da ke wannan shaida. Ajin ƙarshe na sakandare ban gama shi ba. Walda da idona na koye ta a bakin titi, babu wanda ya kama hannuna. Injina na farko da tarkace na haɗa shi. Yau ina da shago mai ƙofa uku, ma'aikata goma sha ɗaya da motar ɗaukar kaya, kuma rabin ƙofofin ƙarfen unguwarmu daga hannuna suka fito. Gidana ni na zana shi a bayan kwali. 'Ya'ya huɗu na kai jami'a. Duk wannan ba kawu, ba ubangida. Abu ɗaya ne ya gagare ni ni kaɗai: wata 'yar farar ƙwaya da ba ta kai farcena ba.

Shekara biyu ke nan da wata ƙofa ta zame daga kan mota ta sauka a gwiwata ta hagu. Aka yi mini tiyata, aka sallame ni da kwalbar maganin kashe zafi. Likita ya ce mako biyu. Na kai wata uku. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. A cikin safar hannun walda nake ɓoye ta, in haɗiye ba ruwa. Ranar da likita ya ƙi ƙara mini, ya miƙo takardar yadda zan rage sannu a hankali, na fito baranda ina zufa. Kana zaune a benci da usur a wuya. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Kai ne Mai Walda? Na san ƙofofinka. Ashe mai yin su gwangwani ne."

Na so in mare ka. Amma washegari da sassafe ina filin bayan makaranta, inda ka ce in same ka, inda kake horar da masu gudu.

A zaman makokinka na ji ana ta cewa kai mutum ne mai taushin hali. Ƙarya suke yi maka, kuma ba ka bukatarta. Ban taɓa ganin mutum mai rashin tausayi irinka ba. Ka karɓe kwalbar da takardar likita ka jefa a aljihu. Kullum da safe sai an jeru, sannan ka hura usur ka ce, "A ba mai shago hatsinsa!" In buɗe tafin hannu a gaban mutum ashirin, ka ɗora mini abin da takarda ta ce, ba ƙari ko ɓantare. Mako shida ka haɗa ni da tsofaffi masu rage ƙiba muna zagaya fili da tafiya, don mai gashin ƙashi ya ce gwiwar ba ta isa gudu ba. Da na yi ƙorafi, ka ce wata tsohuwa ta riƙe mini hannu kada in faɗi.

Wata rana ka shigo shagona ba sallama, ka ɗauki safar hannuna ka zazzage a gaban ma'aikatana. Ƙwaya uku suka gangaro. Ka murƙushe su da takalmi, ka ce wa babban ma'aikacina, "Wannan ne yake yi muku tsawa?" Daga nan ka wuce gidana ka ce wa uwar 'ya'yana ta riƙa duba har cikin hulata. Wata rana kuma ka bar kwalbar a kan benci kamar ka manta, ka laɓe bayan bishiya kana kallona. Ban taɓa ta ba. Ko sannu ba ka ce mini ba.

Lokacin da ƙwayar ta fara barin jikina, na yi amai a gefen fili, ƙasusuwana kamar ana sara su da zarto. Ka tsaya a kaina da agogo ka ce, "Ciwo ba ya kashe mutum, Mai Walda. Tashi." Sau nawa na ji wannan magana? A kilomita biyar na farko na ji ta, a goma na ji ta, a ashirin da biyar da farcen ƙafata ya fita na ji ta. Na tsane ka, kuma na daina sha. Wata goma sha huɗu ke nan ko ɗaya ba ta wuce maƙogwarona ba.

Kana da littafi mai baƙin bango. Ba ka rubuta kowa a ciki sai wanda ya gama gudun famfalaki, kilomita arba'in da biyu, ba tare da ya haɗiyi komai don kashe zafi ba. Shekara talatin, suna ashirin da uku. Tun ranar da na gan shi na ce sai na shiga. Ka yi dariya ka ce in je in rubuta sunana a jikin ƙofa, can ya dace.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban san ciwon daji yana cin ƙashin bayanka ba, ban san shi ya zaunar da kai a bencin nan ranar da muka haɗu ba. Sai da aka kwantar da kai. Ranar Litinin da yamma na je duba ka. Ɗaki mai gado huɗu, fanka tana juyawa a kasale, ruwa yana ɗiga a jijiyarka. Matarka ta fita neman ruwan zafi. Ka damƙe ƙarfen gado har yatsunka sun yi fari, ka ce, "Mai Walda, kira mini nas. Lokacin allurar ya yi."

Na ɗauka gwada ni kake yi, kamar ranar benci. Wannan gaskiya ce. Ga sauran gaskiyar: wani abu a ƙirjina ya ji daɗi. Na ja kujera na zauna, na kwance agogona na ɗora a gwiwa, na ce, "Ciwo ba ya kashe mutum, Baba." Ka dube ni. Ba ka sake roƙo ba. Minti arba'in muka yi haka, kana cizon gefen zanen gado, ni ina jin cewa ɗalibi ne ni na kirki. Babbar 'yarka ce ta shigo ta ga fuskarka, ta fita da gudu tana ihu. Likita ya ja ni baranda ya ce, "Malam, kai wane irin mutum ne? Wannan ba mai gudu ba ne, mutuwa yake yi. Maganin nan don irinsa aka yi shi."

Bayan kwana biyu ka rasu. Ba ka sake yi mini magana ba. Abin da ka koya mini na mai gwiwa ne da zai warke, ni kuwa na ɗauke shi na ɗora wa wanda ba zai tashi ba. Na yi kuskure. Ban saba faɗin wannan kalma ba, ga ta na rubuta.

Kwana goma sha ɗaya bayan binne ka aka yi tseren famfalakin da na daɗe ina shirin shiga. A kilomita talatin gwiwar ta kama wuta. Wani da muke jan ƙafa tare ya zaro ƙwaya daga safarsa ya ce, "Karɓi, Malam, ba wanda zai sani." Na ture hannunsa. Na isa bayan awa shida da minti goma sha biyu. Na tarar an kwance ƙyallen ƙarshe, masu rubuta lokaci sun tafi, ana share kofunan roba. Babu takardar da ke ɗauke da sunana.

Allah ya jiƙanka, Baba Usur. Ya sa zafin da ka sha, har da wanda ni na ƙara maka, ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata makwancinka, ya yi maka sassaucin da ba ka yi mana ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka, da mutum ashirin da ukun nan.

Ke kuma babbar 'yarsa, na san littafin yana hannunki, na kuma san ba kya amsa gaisuwata. Ba na ganin laifinki. Amma na cika sharaɗin mahaifinki, kuma ba roƙo nake yi ba. Ki buɗe layi na ashirin da huɗu ki sa sunana cikakke, da awa shida da minti goma sha biyu. In kin ga dama ki rubuta minti arba'in na asibiti a gefensa, ba zan musa ba. Amma ki rubuta.