Wanda Ya Faɗa Rijiyar Inna Delu

Na yi shekaru ina duba makarantu, kuma tun a makarantar mishan ta Sabon Gari a Gusau aka horar da ni cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce, sauran kuwa kuskure ne da ake ja wa layi da jar tawada. Saboda haka ban yi murna ba sa'ad da jikata Zulai ta nuna mini wani shafin intanet inda masoya tatsuniyoyi da finafinai suke jera dabarun ba da labari, kowa kuma yana da ikon gyara rubutun kowa. Sun ba kowace dabara suna: "Aike Uku", "Auta Ya Fi Wayo", "Tsohuwar Bakin Hanya". Abin ya shiga jikin matasa har ba sa iya kallon fim shiru, sai ka ji sun yi ihu, "Ga Tsohuwar Bakin Hanya nan!" Duk da haka, da na ga babu labarin kakarmu a ƙarƙashin "Aike Uku", sai na ce Zulai ta koya mini yadda ake rubutawa.

Kakar tamu, Inna Delu, a Rawayya take. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhunta, garwashin karan dawa yana ci a hankali, tana gasa mana gyaɗa a kasko. Ba ta fara labari sai ta ƙare wa kowa kallo, ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali. A lokacin na ɗauka ƙidayarmu take yi.

Labarin shi ne, an aiki Kurege da Bushiya da Hankaka su kai wa sarkin dawa ƙwaryar zuma. Kurege yana lasa a ɓoye, Bushiya tana gyangyaɗi, Hankaka kuwa tun daga ƙofar gida yake cewa, "Ba haka ake ɗaukar ƙwarya ba." Da suka iso bakin rijiya ya ƙwace ƙwaryar don ya nuna musu daidai, ya zame, ya faɗa.

Na tuna na ɗaga hannu, yadda aka koya mana a aji. Na ce, "Inna, ai Hankaka yana da fiffike."

Ta ce, "Zuma ta manne mai su, Bello. Da ma ta samu bakin wanga yaro."

Haka na rubuta shi a shafin, babu kuskuren waƙafi ko ɗaya. Washegari na tarar wata mai kiran kanta 'Yar Tsafe ta goge Hankaka, ta jefa Kurege cikin rijiyar. Na fito da Kurege, na mayar da Hankaka. Ta sake. Na sake, tare da bayani mai sakin layi huɗu. Sai masu kula da shafin suka yi gargaɗi: idan aka ƙara sauyawa sau ɗaya, za su cire labarin gaba ɗaya, tun da ba a san sahihinsa ba. Wato saboda wata mai taurin kai, sunan Inna Delu zai fita daga wuri ɗaya tilo da aka taɓa rubuta shi.

Ina cikin wannan ɓacin rai ƙanwata Hajiya Asabe, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Tsafe, ta kira ni.

"Yaya, akwai wani tsoho marar aikin yi a intanet, shina ɓata labarin Inna. Wai Hankaka! Ka ji jahilci?"

Na yi gyaran murya. Na ce, "Asabe, ni ne tsohon."

Ta yi dariya har wayar ta faɗi. Da ta ɗauka ta ce, "Rantse da Allah ba Kurege ba ne. Ni da kunnena na ji, ran da na cinye ƙulin Inna."

Nan muka shiga tuna baya. Ta ce marigayi yayanmu Sani, wanda ba ya tashi asuba sai an zuba masa ruwa, har ya bar duniya yana cewa Bushiya ce. Ni kuma na tuna abin da na yi a ranar Hankaka: na gaya wa Inna a gaban baƙi cewa ba ta iya karanta agogo ba.

Ashe kallon nan da take yi mana kafin ta fara, neman mai laifin ranar take yi, don ta san wanda za ta jefa.

Muka rubuta ƙarshen uku duka, muka buɗe sabuwar dabara mai suna "Rijiyar Mai Laifi". Cikin mako guda mutane daga Wanke da Bunguɗu suka cika ta da labaran kakanninsu; kowa ashe an taɓa jefa shi, bai sani ba.

Shekara sittin da wani abu ina riƙe da wannan labari, ina ba da shi ga ɗalibai a matsayin gargaɗi kan ɗaukar kaya a bakin rijiya. Inna ta yi mini gyara mafi tsanani a rayuwata ba tare da tawada ba, ni kuwa mai duba makarantu ban gane ba sai da gemuna ya yi fari.

Jiya na ga Asabe ta manta aya a ƙarshen jimlarta ta biyu. Na daɗe ina kallon wurin. Na bar mata shi.