Fatar da Na Naɗa wa Sandar Alhaji Mansur

Labarin ya iske ni da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gidana, sandarsa na kan cinyata, ina naɗa wa mariƙinta fata karo na uku. Emeka ne ya kawo shi, mai shagon kayan babur na bakin tasha, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Tun daga nesa ya kashe babur ya turo shi da hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Baba Gambo, ajiye aikin nan."

"In ajiye don me? Da la'asar mai ita zai zo karɓa."

"Ba zai zo ba, Baba. Yana alwalar asuba ya faɗi. An ɗauke shi za a kai shi Katsina, ko Mashi ba a kai ba rai ya yi halinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka na ji rasuwar Alhaji Mansur, malamin dabbobi, ɗan aminina marigayi Malam Idi, yaron da na ci naman sunansa.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Masassaƙi ne ni. Shekara sittin ina sassaƙa ƙotar fartanya da ta gatari, kuma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ƙanen Mansur, Malam Sani, shi ke riƙe da biro, na kuma gaya masa ya rubuta yadda ya fito daga bakina. Akwai wurin da ya ce a tsallake. Na ce in zai tsallake, ya miƙa wa wani biron. Domin akwai abin da na gani a jikin Mansur na rufe, aka tambaye ni na yi ƙarya, kuma ba zan yabi mamaci in ɓuya a bayan yabon ba.

Aikin gwamnati ya kai shi Kaduna da Jos, can ya koyo wasan da suke kira golf: 'yar ƙwallo fara kamar ƙwan zabuwa, da sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, a shekarun da aka soma Shari'a, sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana son aron fakon da ke bayan gonata ta hanyar Mai'aduwa, wurin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Na ce me za ka shuka a fako? Ya ce, "Haƙuri, Baba." Na ɗauka ba'a ce.

Kowace la'asar bayan an kawar da amfanin gona, zai zo da bokiti mai ƙwallo arba'in da wata tsohuwar darduma da ya daina salla a kanta. Yana shimfiɗa ta, ya ɗora ƙwallo, ya auna wani gawo da ke can tsakiyar fili. Hagu da gawon gonata ce. Dama da shi, can nesa, shingen tsohuwar maƙabarta ne, inda mahaifinsa yake kwance. Ni kuma ina zama a kan kututture a bayansa. Da farko kallon mahaukaci na je yi. Daga baya na zama littafinsa, don ni nake riƙe masa inda kowace ƙwallo ta faɗa, yau da jiya da bara. Har da kunne na san bugun: in ya yi kyau sai ka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. In ya ɓaci sai ka ji tim, ƙasa ta tashi.

Mutane sun yi masa dariya, suna cewa Alhaji ya tsufa ya koma langa. Wata rana wasu samari masu wa'azi suka zo, suka yi sallama, suka ce an gaya musu ana caca a fako. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa babbansu sandar ya ce ya gwada. Yaron ya kai duka sau uku, iska ya samu. Mansur ya ce, "Ka ga, ɗana, caca sai da abokin karawa. Ni ba ni da abokin karawa sai hannuna." Suka tafi suna dariya, ɗaya ma ya dawo washegari kallo.

Halinsa a filin nan na gane shi. Bai taɓa bugu ba in akwai mai rai a gabansa, ko da mata masu itace ne can nesa kamar tururuwa. Sai ya dogara sanda ya jira. Sau ɗaya ƙwallonsa ta sami wata akuyar makiyaya a ƙafa. Ya bar bokitin a nan, ya saɓa akuyar a kafaɗa har ruga, ya ɗaure ƙafar da kansa, ya yi kwana tara yana zuwa dubiya. Kuma bai taɓa barin la'asar ta wuce shi don bugu ba. Yakan ce, "Ƙwallo ba ta san Alhaji ba. Abin da ka ba ta shi take mayar maka."

Abin da ya fi damunsa shi ne riƙo. Kafin kowane bugu sai ya sake ɗora hannu kamar yau ya fara koyo: hagu a sama, babban yatsa a kwance a kan sandar, dama a ƙasa, ƙaramin yatsanta ya hau kan manunin hagu. Sau arba'in a yini, shekara da shekaru. Na ce masa wannan ai wahalar da kai ne. Ya ce, "Riƙo irin na mai tatsa ne, Baba. Ka matse, saniya ta harbe ka. Ka sassauta, ka tashi da ƙwarya wayam." Ya kuma ce, "Bugu ɗaya mai kyau sa'a ce. Goma a jere, shi ne hali." Burinsa ke nan, goma a jere a gindin gawo. Ya sha kai takwas. Sau biyu na ga ya kai tara.

A ranin da ya wuce ne ƙwallayen suka soma karkata dama.

Da farko kaɗan ne, taku goma daga gawon. Bayan mako biyu, taku talatin. Ni da ke riƙe da lissafin a kaina na ga kullum suna matsawa wajen shingen maƙabarta, kamar ana jan su da zare. Rannan ya ɗaga sanda ya kawo ta, sai ta kuɓuce daga hannunsa ta yi sama tana juyi, ta faɗi kusa da ƙafata. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa na hagu. Ya ce gumi ne.

Emeka shi yake yi masa saƙon ƙwallaye daga Kano, don haka ya sa ya kawo masa sabuwar robar mariƙi da safar hannu. Ranar da ya kawo su ya tsaya kallo, a gabansa sandar ta sake zamewa.

"Alhaji, wannan ba roba ba ce," in ji shi. "Ka je a auna jininka. Wani kawuna haka ya fara, cokali ne ya dinga faɗuwa daga hannunsa."

Ni na amsa, ba Mansur ba. Na ce, "Kai mai sayar da ƙarfe, me ka sani game da ƙota? Shekara sittin manoma na kawo mini fartanya suna cewa tana zame musu. Ban taɓa aika ko ɗaya asibiti ba. In kayan aiki ya kuɓuce wa namiji, ƙotar ce ta yi masa siriri."

"To, Baba, kai ne babba."

"Ni ne kuwa."

Na karɓi sandar na tafi da ita gida. Na sayi jar fatar akuya wurin dukawa, na yanka ta siri-siri, na jiƙa, na naɗa ta a mariƙin har ya yi kauri ya cika hannu. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, aikin ya yi. Washegari ƙwallo ta koma gawo. Ƙas, ƙas, ƙas, har bakwai a jere. Mansur ya yi ta murna kamar yaro, yana cewa Turawan da suka ƙera sandar su zo Daura su koyi aiki. Na aika wa Emeka cewa ya zo ya ga asibitina. Ban san cewa hannun da ƙarfinsa ke tafiya ya fi jin daɗin abu mai kauri ba. Ciwon na samar wa wurin ɓuya.

Kwana goma sha biyu, ƙwallayen suka sake karkata. Na ƙara fata a kan fata. Wannan karon kwana biyar ta yi.

A cikin kwanakin nan na ga abin da ba ƙota ba. Ya daina ɗaukar bokiti da hagu. In muna tafiya sai ya sa hannun a aljihu. Wata la'asar yana ba ni labarin wata saniya, sai maganar ta yi nauyi a bakinsa kamar mai tauna tuwo da zafi, gefen leɓensa ya ɗan sauka. Kafin in miƙe ya wartsake. Muka kalli juna. Mutumin da ya yi shekara talatin yana duba dabba mara baki ya gane ciwonta, ba zai kasa gane nasa ba.

"Baba, kada Hajiya, mai ɗakina, ta ji."

"Mansuru, wannan ba wasa ba ne."

"Na sani. In aka kai ni asibiti, fakon nan ya ƙare mini. Bari in cika goman nan. Bayan Sallah, da ƙafata zan je Katsina."

Na amince masa. Kuma in faɗi gaskiya, ban so a ce Emeka ya fi ni gani ba.

Kwana biyu bayan haka na raka shi gida. Ya shiga ciki, sai matarsa Hajiya Rabi ta leƙo zaure ta gaishe ni, ta rage murya.

"Baba, yaya kake ganin ɗan naka kwanan nan?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ƙota ce ke ba shi wahala, ina kan gyara ta."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To, Allah ya sa." Wannan ne wurin da Malam Sani ya ce a tsallake.

Ranar ƙarshe ƙwallo goma sha ɗaya kawai ya buga. Ta ƙarshen ta tashi da kyau, har na ce ga ta nan gawo, sai ta lanƙwasa a sama ta yi dama, ta yi ta tafiya har ta tsallake shingen maƙabarta. Ba ta taɓa kaiwa can ba. Na yunƙura zan je nema, ya riƙe mini riga.

"Bar ta, Baba. Magariba ta kusa, ba a shiga wa mutane gida yanzu. Ni zan je in ɗauko."

Ya miƙo mini sandar ya ce in ƙara mata fata. Ita ce a cinyata da Emeka ya turo babur.

A maƙabartar nan muka kai shi, kusa da mahaifinsa. Da jama'a suka watse na ga ƙwallon a gindin wata sabara, bai fi taku ashirin daga kabarin ba. Ban taɓa ta ba.

Ranar sadakar uku na nemi iso wurin Hajiya. Na zauna a bakin ƙofa, tana bayan labule, na faɗa mata duk abin da na faɗa muku, ban rage ba. Na ce na gani, an roƙe ni na rufe, ta tambaye ni na yi mata ƙarya, ta yi mini hukuncin da ta ga dama.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Baba, wata guda ni nake ɓalla masa maɓallin hannun rigarsa na dama, don hagun ba ta iyawa. Ya ce kada Baba ya ji, zai hana ni fakonsa. Ranar da na tambaye ka, so nake ka ce ka gani. Ni kaɗai ba ya jin maganata a kan wannan. Da mu biyu ne, da mun fi ƙarfinsa."

Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Ta ce, "Na yafe maka, Baba. Kwanansa ne ya ƙare. Ni ma ka yafe mini, da na fito fili na faɗa maka."

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Liman ya gaya mini, na kuma yarda. Amma ƙaryar tawa ce, ba ta ajali ba. Na je shagon Emeka da ƙafata, a gaban yaransa da masu sayayya na ce masa shi ne da gaskiya. Tun ranar kuwa, duk manomin da ya kawo mini fartanya ya ce tana zame masa, ba na karɓa sai ya matse hannuna da nasa, dama da hagu, na ji ƙarfinsu. Biyu na mayar ba tare da na taɓa ƙotarsu ba, na ce su je a auna su. Ɗaya ya yi fushi ya ce tsufa ya kama ni. Ya yi ta yi.

Sandar tana nan a ɗakina, naɗin na uku bai kai rabi ba. Ba zan ƙarasa shi ba.

Ya Allah, ga bawanka Mansur ɗan Idi ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Yadda ya jira masu itace suka wuce, yadda ya saɓa dabbar da ba tasa ba a kafaɗa, ka sa ya tarar da su a mizaninsa. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka ƙarfafa masa riƙonsa ranar da babu mai riƙe wani. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri da dangana, ka raya 'ya'yansa a kan halinsa, ka haɗa kan 'yan'uwansa. Ni kuma da na rage a kan kututture, ka yafe mini abin da na gani na rufe, in tawa ta zo ka sa in cika da imani. Amin.