Dariyar Tamsin a Cikin Yayyafi

Ana yayyafi a wani gidan wasan kwaikwayo marar rufi da ke bakin kogin Landan, inda ba a barin 'yan kallon tsaye su buɗe lema, don kada su tare wa na baya. Ga wata yarinya can gaba cikin kayan makaranta, ta kafa haɓa a bakin dandamali, gashinta sharkaf. Rigar ruwanta kuwa littafin wasan ta naɗe da ita, tana rungume da shi. Da gani jarrabawa a kan wasan ce ta koro ta, kuma tsohon Turancin da aka rubuta shi da shi ya sha kayar da ita.

Ƙawarta ta zungure ta. "Tamsin, mu tafi mana! Ke da kike minshari a aji in Malama ta fara karanta wasan nan?"

"Dalla yi mini shiru. Ashe faɗa suke yi! Ni na ɗauka wa'azi ne."

Can a dandamali sai wawan sarki ya yaɓa wa ubangidansa baƙar magana. Kafin kowa ya motsa, Tamsin ta tuntsire da dariya, sannan ta dubi littafin da ke naɗe a ƙirjinta. Yau da kanta ta gane, babu wanda ya fassara mata.