Wilin Alhaji Ndakotsu

Duk wanda ya san unguwar Fadikpe a Minna ya san Baba Kambai, tsohon kafintan nan da ko murfin tukunya ya faɗi sai ka ga ya zabura. Yara su yi ta dariya. Me suka sani, 'yan banza!

Yana saurayi ya zo Minna daga kudancin Kaduna, ya kama aiki a masana'antar Alhaji Ndakotsu, mai ƙera wa manyan motoci bodin katako tun motocin ba su da yawa. Alhaji ya ciyar da gidaje, wannan ba mai musu. Amma fa yana da doka. Akwai wani tsohon wilin mota rataye a bishiyar mangwaro, in ba a buga shi an tashi ba, ba mai fita, ko gobara ake yi a gidanku.

Ranar da naƙuda ta kama matar Kambai, Lilian, maƙwabciya ta zo bakin ƙofa tana kuka. Mai gadi ya hana shi fita. Kambai ya koma ya riƙe zarto, kunne na wajen mangwaro. Ana bugawa ya sheƙa da gudu. Ya tarar da jaririya tana tsala kuka, uwar kuwa an riga an lulluɓe ta da zane.

To, wannan Alhajin dai shi ya ɗauki nauyin karatun yarinyar, Sara, har ta zama ungozoma. Kambai ya kasa zaginsa, ya kuma kasa sa masa albarka. Abin ya zauna masa a ƙirji, wallahi abin tausayi.

A 2009, bayan Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka mai da wurin asibitin haihuwa, suka damƙa wa Sara. Sai suka ce wai Baba Kambai, tsohon ma'aikaci, shi zai buga wilin ranar buɗewa.

"Baba, in ba za ka iya ba, a bari," in ji Sara.

"Wurin aikinki ne. Zan buga."

Ranar ta zo, mangwaron na nan, wilin ya yi tsatsa. Kambai ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga guduma ya buga. Jama'a suka ɗau tafi. Shi kuwa ya yar da gudumar, ya tattare riga, ya nufi ƙofa da ɗan gudunsa na tsufa.

Sara ta bi shi ta riƙe masa hannu. "Baba, ina za ka?"

"Sake ni, an tashi," ya ce. "Uwarki tana jirana."